Allon ƙara wa tsohuwar kwamfuta 486 gudu: zai zauna, kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

"Assalamu alaikum Malam. A shagonmu akwai injin ɗinkin kwalliya da mahaifinmu ya saya na hannu tun muna yara. Kwamfutar da ke tura masa zane tsohuwa ce, 486 DX2-66, RAM ɗinta 8 MB, tana aiki da Windows 95, kuma an haɗa ta da injin ta wani dogon kati da ba ya shiga sababbin kwamfutoci. In muka buɗe babban zane sai ta yi ta jan ƙafa. Na ga ana sayar da wani ɗan allo a intanet mai furosesa 133 MHz, wai cire tsohuwar kawai za a yi a dasa shi. Zai yi aiki a tamu? Kuma ya cancanci kuɗin da za a kashe har ya iso hannunmu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa sana'a albarka, ya saka wa mahaifinku da alheri. Kwamfutar da aka ƙera a shekarun 1990 kuma har yau tana cikin masu ciyar da gida, ai ta daɗe da fanshe kanta.

In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko ɗan allon zai zauna lafiya da babban allon kwamfutarku, wanda masu gyara ke kira madabod, sannan ko gudun da za a samu ya kai kuɗin. Ni kuwa zan ƙara maka ta uku, wadda ita ya kamata a fara amsawa kafin a taɓa aljihu: anya furosesar, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ita ce ke jan ƙafar? A shekarun da na yi ina buɗe irin waɗannan akwatuna, an sha kawo mini kwamfuta ana tuhumar furosesa, mai laifin kuwa yana can gefe ko kallonsa ba a yi ba. Zan dawo kan wannan, amma bari mu fara da shi kansa allon.

Mene ne a jikin ɗan allon

Intel ta fito da 486 a 1989, lokacin da kwamfuta kaya ce mai tsada wadda ofis kan saya da niyyar shekaru. A 1992 aka zo da dabarar da taku ke aiki da ita. Babban allo yana tafiya a 33 MHz, amma furosesar tana ninka wannan gudu sau biyu a cikin cikinta, shi ya ba da 66, shi ne kuma ma'anar DX2. Wannan dabara ta bunƙasa kasuwar furosesar canji, domin ta nuna ana iya barin babban allo yadda yake, a sauya abin da ke zaune a kansa kawai. A wannan shekarar Intel ta fara sayar da furosesar canji mai suna OverDrive ga masu tsofaffin 486.

Matsala ta ɓullo a 1994 da fitowar DX4 mai 100 MHz, wadda duk da sunanta ninki uku take yi, ba huɗu ba. Tsofaffin 486 suna cin wuta bolt 5, ita kuwa bolt 3.3 take so. A ƙarshen 1995 AMD ta fito da Am5x86 mai 133 MHz, mai ninki huɗu, mai cin bolt 3.45, kuma kusan tabbas ita ce a kan allon da ka gani. Ƙafafunta 168 ne, daidai da na tsohuwar taku, saboda haka tana shiga ramin tsaf, amma wutar da ramin ke bayarwa ta fi ƙarfinta. Nan kamfanoni irin su Kingston da Evergreen da PowerLeap suka ga kasuwa. Suka ɗora furosesar AMD a kan ɗan allo, suka sa mata na'urar rage wuta daga 5 zuwa abin da take buƙata, suka daidaita mata ninkin, suka ɗora fanka a sama, suka fito da ƙafafu ta ƙasa. Abin da kake saya ke nan. Ba wani sihiri a ciki: furosesa ce da tafinta tsakaninta da tsohon allo.

Zai zauna ko ba zai zauna ba

Wuta ce farko, kuma ita kaɗai ce kuskurenta ba ya gyaruwa. Na koyi wannan da aljihuna. Ina sabon shiga aikin, na ɗauki DX4 tsirara na dasa a allon bolt 5 saboda na ga an rubuta Socket 3 a jikin soket ɗin, wato ramin da furosesa ke zama, na ɗauka magana ta ƙare. Ta tashi, har na yi murna, ta yi aiki na ɗan lokaci tana zafi kamar dutsen guga, daga nan ba ta sake farkawa ba. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, rubutun da ke jikin soket yana faɗin siffar ramin ne kawai. Akwai allunan da aka sa musu Socket 3 amma aka bar gurbin na'urar rage wutar babu komai, don a rage kuɗin ƙira. Saboda haka ka duba hoton abin da za ka saya da kyau. In furosesa ce tsirara, baƙin dutse ko toka-toka mai ƙafafu kawai, sai ka tabbatar allonku na iya ba da bolt 3.3 ko 3.45. In kuwa cikakken allo ne mai hawa biyu, da ƙananan kayan wuta a tsakani da fanka a kai, to an yi shi ne don allon bolt 5, kuma wannan damuwa ta kau.

Akwai wani juyi a nan da zai iya rage maka kashe kuɗi. In ka buɗe akwatin ka ga jamfa a kusa da soket, ba ta sawa a jiki ba, 'yar hular roba da ke haɗa ƙusoshi biyu, an rubuta 5V da 3.3V a gefenta, kuma ga wata na'ura mai ƙafa uku manne da ƙarfen sanyaya a wurin, to allonku na ƙarshen zamanin 486 ne. Ba ka buƙatar tafinta. Furosesar AMD tsirara ta ishe ka, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Ka sa jamfar wuta a ƙasa, ka sa jamfar ninki a kan biyu, domin Am5x86 tana karanta umarnin ninki biyu a matsayin huɗu.

Sai ramin kansa. Ka ƙirga ramuka a gefe ɗaya. In 17 ne, tsohon soket ne. In 19 ne, Socket 2 ne ko 3. Allon AMD na shiga duka biyun, sai dai a mai 19 layin ramukan waje zai zauna fanko ta kowane gefe, kuma haka ya kamata. Abin tsoro shi ne, furosesa mai ƙafa 168 tana iya shiga ta fuska huɗu, babu abin da zai tare ta, uku daga ciki kuwa ƙonewa ce. Kafin ka cire tsohuwar ka ɗauki hotonta da waya, ka lura da kusurwar da aka datse ko aka ɗiga wa alama, sabuwar ma nan za ta fuskanta. In soket ɗin mai hannu ne da ake ɗagawa, ka huta. In babu hannu, sai an ɓanɓaro ta a hankali, kaɗan daga nan kaɗan daga can, in ba haka ba ƙafafu su lanƙwashe. Ka kuma auna sarari: waɗannan alluna suna da tsayi, kuma a akwatunan da ke kwance sau da yawa gidan faifai ko wutsiyar dogon kati tana ratsawa ta saman soket ɗin. Kai kuwa kana da dogon katin da ba a iya rabuwa da shi.

Gudun babban allo a wurinka ba matsala ba ne, 33 sau huɗu shi ne 133 ɗin. Mai DX2-50 ko SX-25 ne zai ga 100 kawai, tunda allonsa 25 ne.

BIOS kuwa, wato 'yar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, an rubuta taku kafin a haifi wannan furosesa, don haka ba ta san sunanta ba. A mafi yawan allunan da na gwada abin bai wuce ta kira ta da wani suna ko ta rubuta gudun da ba shi ba ne a farkon tashi, aiki kuma ya ci gaba da cikakken gudunsa. Kar wannan ya dame ka. Inda ake shan wuya shi ne kwamfutocin manyan kamfanoni masu BIOS nasu na gida, wasunsu in suka ga baƙuwar furosesa sai su tsaya cik. Waɗanda aka harhaɗa a shago da BIOS na AMI ko Award sun fi haƙuri da baƙo.

Wanda zan fi daɗewa a kansa shi ne kash, saboda ya shafi irin aikinku kai tsaye, kuma masu sayarwa ba sa ambatonsa. Kash ɗan aljihu ne a cikin furosesa inda take ajiye abin da take yawan buƙata, don kar kullum ta yi tattaki zuwa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai. Na DX2-66 ɗinku 8 KB ne, kuma ɗabi'arsa ita ce duk abin da aka rubuta a aljihu nan take a rubuta shi a RAM ma. Na Am5x86 16 KB ne, kuma yana da wata ɗabi'a ta biyu mai sauri: ya riƙe abin a aljihu, sai daga baya ya kai RAM. Kamar ɗan kasuwar da ke riƙe ciniki a ka, sai dare ya shigar a littafi. Yana da sauri, amma in wani ya buɗe littafin da rana zai karanta tsohon lissafi. A kwamfuta akwai masu buɗe littafin ba tare da sun bi ta furosesa ba: na'urar fulofi, katin sauti, da wasu katunan injuna. Allon da aka ƙera da sanin wannan ɗabi'a yana da wayar da zai ce wa furosesa ta zazzage aljihunta tukuna. Tsohon allo ba shi da ita. Sakamakon ba mutuwar kwamfuta ba ne, wanda da ya fi sauƙi tunda za a gani. Komai zai tashi lafiya, sai fayil ɗin da aka kwafa zuwa fulofi ya fito da ɓaraka, ko zanen da aka tura wa inji ya isa da kuskure a tsakiya, allura ta bi inda ba a aike ta ba a kan shaddar mutane. Shi ya sa wasu allunan canjin suke da jamfar zaɓi tsakanin ɗabi'un biyu, wasu kuma an kulle su a kan mai amincin tun daga masana'anta. A kwamfutar da ke tuƙa inji, mai amincin nake zaɓa, ko da an rasa wani kaso na gudun.

Wannan matsala ce ma ta ɓata wa Intel suna a kan Pentium OverDrive da ta fitar a 1995 don allunan 486, mai 63 MHz da mai 83. A takarda ta fi kowa: Pentium ce ta gaske, da kash 32 KB, da na'urar rage wutarta da fankarta, kuma a lissafin lambobi masu ɗigo ta fi ta AMD. Amma sai soket mai ramuka 19 take shiga, kuma alluna da yawa da aka tallata cewa a shirye suke da ita sun ƙi ta da ta iso. In ka ci karo da ita a kasuwa, ka bar wa masu tara kayan tarihi.

Saura zafi. A jikin furosesar AMD akwai haruffa uku bayan lambar 133. ADW an yi ta ne ta jure digiri 55 a jikinta, ADY 75, ADZ 85. A ƙasashen sanyi bambancin ba ya damun kowa. A shagon da ke kaiwa digiri 40 a watan Afrilu kafin a kunna komai, ga ƙurar hunturu, ga burbushin zare da ke toshe fanka, digiri 55 ba nisa. In an ba ka zaɓi ka ɗauki ADZ. Kuma fankar da ke kan allon ta shekara kusan talatin, ka ɗauka za ka sauya ta.

To, nawa ne ribar

AMD da kanta ta rubuta P75 a jikin furosesar, wato tana kwatanta ta da Pentium mai 75 MHz, ba mai 133 ba. Wannan gaskiya ce daga bakin mai kaya. Dalili kuwa shi ne furosesar kaɗai ta ƙara sauri. RAM yana nan a gudunsa, hanyar da ke tsakaninsu tana nan a 33, ramin ISA, wato tsohon ramin da dogon katinku ke ciki, yana nan a wajen 8 MHz, faifan ajiya yana juyawa yadda ya saba. Ka sa wa amalanke doki maimakon jaki, amma hanyar kasuwar ba ta ƙara faɗi ba. Abin da na saba gani shi ne, aikin da lissafi ne zalla, kamar juya zane ko sake lissafa ɗinki bayan an ƙara masa girma, yana raguwa sosai har mutum ya ji a jikinsa. Tashin Windows da buɗe fayil da tura zane ga inji kuwa da ƙyar ake ganin bambanci.

Nan muka dawo ga tambayata ta uku. Ka ce RAM ɗinku 8 MB ne kuma Windows 95 kuke amfani da ita. Microsoft ta ce 4 MB ne mafi ƙaranci, ta ba da shawarar 8, amma wannan na ita Windows ɗin ce ta tsaya da ƙafafunta, ba a sa manhajar zane da babban fayil a lissafi ba. In RAM ya cika, Windows tana ara daga faifan ajiya, wanda ya fi RAM jinkiri ninkin ba ninki. Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka buɗe babban zanen nan, ka zuba wa 'yar fitilar faifai da ke gaban akwatin ido, ka kasa kunne. In fitilar tana ta ƙyaftawa ba hutu, faifan yana ƙurr-ƙurr duk tsawon jiran, to furosesar zaune take tana jiran a kawo mata aiki, kuma mai 133 ma zaman jiran za ta yi, sai dai ta yi shi a kan kuɗinka. In kuwa fitilar a mace take, akwatin shiru, amma zanen yana fitowa layi-layi, to lallai furosesar ce ta gaji. Da abin da ka faɗa, na fi zargin na farkon.

Maganinsa RAM ne. Kai shi 16 MB, in allon ya yarda 32. Ka duba irin sandunan da ke ciki: gajeru masu haƙora 30 a 486 sai huɗu-huɗu iri ɗaya ake sa su, dogaye masu 72 kuwa ɗaya ma na aiki. Waɗannan har yanzu akan tsince su a tarkacen tsofaffin masu gyara, a inda ba za ka taɓa samun allon Evergreen ba. Bayan RAM sai faifan kansa, wanda shi ne abin da ya fi kusa da mutuwa a duk akwatin. Akwai ɗan adafta da ke sa katin ajiya na CompactFlash ya zama faifan IDE, irin wanda tsohuwar kwamfuta ke ganewa, ba ƙara, ba juyawa, ba ya jin girgizar inji. Sai dai ka sani BIOS da yawa na kafin 1994 ba sa ganin fiye da 504 MB, kuma Windows 95 ta farko ba ta iya yanki fiye da 2 GB, don haka ƙaramin kati ya fi babba amfani a nan. Waɗannan biyun, a kwamfutoci irin taku da na taɓa, sun fi canjin furosesa sauya yadda ake jin aikin.

Akwai kuma hatsarin da ya keɓanta da masu inji. Tsofaffin manhajoji da yawa ba sa duba agogo in suna son jira, ƙirge suke yi: ƙirga zuwa kaza, sannan ka aika wa kati umarni na gaba. In furosesa ta ninka sauri, jiran ya ragu da rabi. Don irin wannan ne ma aka yi maɓallin Turbo a tsofaffin akwatuna, aikinsa na gaskiya rage gudu ne don tsofaffin manhajoji. Na taɓa yi wa wani mai injin yankan sitika irin wannan canji. Kwamfutar ta yi sauri, ya ji daɗi, ya biya. Bayan kwana biyu ya dawo da leda cike da sitikun da wuƙa ta tsallake musu kusurwa. Mun sauya waya, mun sauya saituna, a ƙarshe muka mayar da tsohuwar furosesar, injin ya koma yanka tsaf. An je neman ƙiba an samo rama. Ba kowace manhaja ce haka ba, waɗanda aka rubuta don Windows sun fi tsira daga wannan fiye da na DOS, tsarin da ya gabace ta. Amma ni daga nan ba zan iya yanke wa taku hukunci ba, ban ga allonku ba, ban ga katin ba, kuma a wannan fage gwaji ne kaɗai alƙali.

Batun kuɗi kuma ya juye daga yadda yake a da. A 1996 mai sayen irin wannan allo yana guje wa sayen sabuwar kwamfuta ne, kuma ko a lokacin masu lissafi suna cewa in ka ƙara kaɗan za ka sami sabon madabod da Pentium. Yau an daina ƙera su tuntuni, masu sayensu kuma mutanen Amurka da Turai ne masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci da wasanninsu, su ke sa farashi, da dala. Ka haɗa da kuɗin jigila da na kwastan, kayan kuma na hannu ne, in ya iso bai yi ba mayar da shi ya fi sayensa wuya. Kana gasa da masu sayen nishaɗi a kan abin da kai kake nema don aiki.

Abin da zan yi da shagon nawa ne

Kafin komai zan kwafe duk abin da ke faifan, manhajar injin da direbobin katin da zanukan da aka tara shekara da shekaru, in ajiye a wuri biyu. Zan shiga BIOS in ɗauki hoton kowane shafi, musamman lambobin faifai, domin in batir ya mutu tsohuwar 486 mantawa take da faifanta, kuma wasu sai an rubuta musu lambobin da hannu. Zan duba batirin: in irin mai kama da 'yar ganga ne da aka like a allo, yana tsiyayar da ruwan da ke cinye layukan tagulla, ka ga kore-kore ko fari-fari a gefensa, a cire shi yau a sa na waje. Wannan batir ya kashe allunan 486 fiye da duk wata tsawa da na sani. Sannan RAM, sannan faifai. In bayan wannan har yanzu zane na fitowa layi-layi, kuma allon ya samu a farashin da in ya ɓace ba za ka yi kuka ba, sai in ce a gwada.

Kuɗin da ya rage kuwa zan sa shi a neman kwamfuta ta biyu mai ramin ISA, domin abin da shagonku ya dogara da shi ba gudu ba ne, wannan ramin ne. Allunan Pentium II da Pentium III masu cifset (manyan cif da ke tafiyar da allon) 440BX na Intel, wanda ya fito a 1998, yawancinsu suna da ramin ISA ɗaya zuwa uku, suna da juriya, kuma ko mafi rauninsu ya yi wa kowace 486 fintinkau. Matsalar ƙirgen nan tana iya biyo ka can, har ma ta fi tsanani: manhajojin da aka rubuta da Turbo Pascal suna faɗuwa da saƙon Runtime error 200 a furosesar da ta kai wajen 200 MHz, ita ma Windows 95 tana da cutar ƙin tashi a kan AMD K6-2 daga 350 MHz zuwa sama sai an sa mata gyara. Amma a can kana gwaji ne a kan na'ura ta daban, ta aikin tana nan ba a taɓa ta ba. In manhajar tana da makulli da ake soka wa a ramin firinta, kar ka manta da shi wajen gwajin.

Ga sauran masu karatu da za su ce tasu tsohuwar ba ta kai wannan tsufa ba: zamanin waɗannan alluna ya ci gaba na ɗan lokaci. An yi masu sa K6-2 mai 400 MHz a allon Pentium na farko, da dabarar karanta ninki biyu a matsayin shida. An yi masu sa furosesar Socket 370 a ramin Slot 1, har PowerLeap ta kai allunan 440BX zuwa Celeron mai 1.4 GHz. Daga nan abin ya mutu, saboda AMD a 2003 da Intel a 2008 sun mayar da mai kula da RAM cikin furosesa, ƙafafu suka doshi dubu har suka haura, ba sauran wurin tafinta. A kwamfutar tebur ta yanzu, canji sai a cikin dangin soket ɗaya da abin da BIOS ya sani. A laftof kuwa, daga ƙarni na biyar na Core zuwa sama furosesar like take da allo, duk wanda ya ce zai mayar maka da i3 ta zama i7 da wani ɗan allo, ka riƙe kuɗinka ka sayi SSD da RAM.

In ka yanke shawarar gwadawa, ga yadda za ka karɓi aikin. Ka cire wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa allo, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara tartsatsi. Bayan ta tashi kar ka yarda da ita tukuna. Ka kwafi babban fayil zuwa fulofi, ka sa wani fulofin ka cire don kar ta karanto daga abin da ta riƙe, ka mayar da na farkon, sannan ka kwatanta shi da na asali da umarnin FC /B a DOS, sau uku ko huɗu. In ya nuna bambanci ko na harafi ɗaya, kash ne, ka mayar da jamfarsa kan mai aminci. Daga nan ka ɗaura tsumma a inji, ba kayan kwastoma ba, ka sa zane mafi tsawo da kuke da shi ya ɗinku har ƙarshe, da tsakar rana, akwatin a rufe yadda zai zauna kullum. Tsohuwar DX2 kuma ka soka ƙafafunta a soso, ka sa a ƙaramin kwali, ka rubuta yadda jamfofin suke a da a jikin kwalin, ka ajiye a aljihun teburin da ke kusa da injin. In ka turo mini hoton allon da abin da aka rubuta a manyan baƙaƙen cif biyu ko uku da ke kusa da soket, zan duba maka inda jamfar wutar take.